Filastar da Anti Rakiya ta Manna a Malejin Motarta

Ina cikin dama koko ɗazu da hantsi wayata ta yi ƙara. Anti Rakiya ta rasu.

Na ce wace Rakiya? Aka ce taku ta asibiti. Hatsari ne a hanyar shigowa gari.

Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma. Tun ɗazu bakina ke maimaitawa, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na je gidan, na zauna cikin mata, na kasa, na fito. Rubutun nan ma a tsaye nake yin sa.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ungozoma ce, ita ce babbarmu a ƙaramin asibitin ƙauyen da nake aikin rigakafi, can gaba da Wusasa. Gidanta yana cikin birni kusa da Ƙofar Kuyambana, lungu kaɗan ne tsakaninmu.

Da aka tura ni aiki ƙauyen, ban ma san ta ba ta yi sallama gidanmu. Ta gaishe da mahaifiyata ta ce, "Hajiya, yarinyar nan kada ta ƙara hawa acaɓa a hanyar can. Ga mota, kullum akwai wurin zama a gaba."

Tun daga ranar kujerar gaba ta zama tawa.

Kullum da filas ɗin shayi mai citta a tsakaninmu, kofi biyu.

Ranar da na fara ganin haihuwa jiri ya ɗebe ni na zube. Ta yayyafa min ruwa, ta zaunar da ni, kuma har yau babu wanda ya ji labarin daga bakinta.

Da Babanmu ya rasu, a gidanmu ta tare har aka yi addu'ar uku, ita ce a bakin murhu.

To abin da ya hana ni yin shiru ke nan: an saka hoton motarta a grup, mutane suna ta rubutu a ƙasa. Wani ya ce ai daga gani gudu ne. Wani ya ce mata in sun sami mota sai sun ƙure maleji. Wanda bai taɓa ganin fuskarta ba har ya yanke mata hukunci, ko wanka ba a yi mata ba.

Ku bari in ba ku labarin malejin nan da kuke magana.

Motar tsohuwa ce, gajera. Hanyar ƙauyen kuwa in damina ta sauka, rami ne da taɓo, cikin motar ya yi ta gugar ƙasa, salansa ta sha ficewa. Sai ƙanenta ya karɓi motar ya sa mata wili da tayoyi masu tsayi, suka ɗaga ta. Anti ta ji daɗi ƙwarai, don motar nan ba tata ba ce ita kaɗai. Duk macen da haihuwa ta zo wa da gardama, a bayanta ake kwantar da ita a kawo ta babban asibiti cikin gari.

Ita kuma tana da doka ɗaya da kowa ya sani: ba ta wuce tamanin. Ko titi ya zama nata ita kaɗai, ko mun makara, allura na taɓa tamanin za ka ga ta ɗaga ƙafa. Har tsokanarta nake yi in ce keke ma zai wuce mu.

Wata rana muna dawowa, na buɗe taswira a wayata ina neman wani wuri, sai idona ya kai kan 'yar lambar da ke nuna saurin tafiya. Tamanin da shida. Na leƙa malejinta, allura na kan tamanin daidai.

Na ce, "Anti, kin fa wuce."

Ta ce, "Wuce me?"

Na nuna mata. Ta harari wayar ta ce, "Wayarki ce ba ta da lafiya. Shekara nawa ina tare da motar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba."

Na yi dariya, na manta. Ita ba ta manta ba. Washegari tun kafin in rufe ƙofa ta miƙo min tata wayar ta ce in kunna abin a ciki. Haka muka tafi da waya biyu a cinyata, duk bakinsu ɗaya, maleji ne kaɗai ke faɗin tasa. Ranar ko shayin ba ta sha ba.

Da yamma ta ce in raka ta gida. Mijinta, Malam Haruna, tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Yana zaune kan tabarma a tsakar gida ta zayyane masa. Ya saurara, ya tambaye ta yaushe aka canza taya, sannan ya ce a miƙo masa murfin babbar tukunya da murfin ƙaramin kwano.

Ya tsayar da su a kan siminti, ya shafa wa kowane gawayi a baki, ya mirgina su juyi ɗaya-ɗaya. Babban ya yi wa ƙaramin nisa.

Ya ce, "Kin gani? Maleji ba ya ganin titi. Juyin taya kawai yake ƙirgawa, kuma da tayar da motar ta zo da ita ya saba. Kin sa masa doguwa, kowane juyi tana cin ƙasa fiye da da, shi kuwa bai sani ba, yana nan kan tsohon lissafinsa. Da gajera kika sa, da sai ya riƙa cewa kina gudu alhali ba kya yi."

Na ce, "Baba, wilin ne ke nan?"

Ya ce, "Ba wili kaɗai ba, 'yata. Tsayin tayar gaba ɗaya, daga ƙasa zuwa sama. Har nisan da yake ƙirga mata na juyen baƙin mai, shi ma a rage yake."

Ni abin burge ni ya yi. Na juya in yi mata magana, sai na ga fuskarta ta canza.

Ta ce, "Malam, mata nawa na ɗauko cikin naƙuda tun da aka sa tayoyin nan? Ina ce musu su kwantar da hankali, a hankali nake tafiya. Ashe ba haka ba ne."

Ya ce ai bambancin ba shi da yawa. Ta ce, "Ga mai ciki wata tara a kan gargada, da yawa ne."

Ta yi kwanaki tana juya maganar. In ta mayar da tsofaffin tayoyin, motar ba za ta shiga ƙauyen da damina ba, matan kuma su koma bayan babur. In ta bar su, tana tuƙi da abin da ba ta yarda da shi ba. A hanya jifa-jifa sai ta ce min, "Duba wayar."

Ranar da ta yanke shawara, muka hau miƙaƙƙen titi ta ce in zuba wa waya ido, da ta nuna tamanin in yi magana. Na ce, "Nan!" Ta dubi inda allura take, ta gangara gefe ta tsaya. Ta buɗe jakar aikinta ta ciro filasta da almakashi, ta yanko siririya, ta manna a gilashin malejin, ƙasa kaɗan da lambar tamanin.

Ta ce, "Daga yau ga tamanin ɗina."

Ban taɓa ganin allurar nan ta haye filastar ba. Ko sau ɗaya. In zafin rana ya ɗaye ta, kafin ta tayar da mota sai ta sake wata.

Wannan ce matar da kuke cewa ta ƙure maleji.

Ranar Alhamis ne ganina da ita na ƙarshe, zan fara hutu. Ta sauke ni a bakin lungunmu, har na juya ta sauke gilashi ta kira ni. Ta ce cikin Saude bai kwanta mata ba. Saude wata yarinya ce a ƙauyen, cikin fari, ɗan kuma a gicciye yake. Ta ce, "In ta fara ba zan jira komai ba, gari zan kawo ta." Sannan ta ce, "Ke kuma ki ajiye wayar nan ki yi barci, idonki duk ya faɗa."

Na ce to Anti. Ko waiwayawa ban yi ba.

Sauden ta ɗauko yau.

Daga gidan rasuwar asibiti na wuce. An shiga da Saude tiyata. Surukarta, Inna, da ke tare da ita a kujerar baya, tana kwance an ɗaure mata hannu. Na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce, "Wallahi 'yar nan a tsaye muke. Ta tsaya ne 'yan makaranta su tsallaka. Sai ga tifa daga ɗaya hannun tana ta hon, ta baro hanyarta ta yo kanmu. Ta wajen Anti ta shigo."

Don Allah wanda ya saka hoton nan ya cire. Tana da 'ya'ya, suna da wayoyi.

Yanzun nan nas ta leƙo. An ciro yarinya da ranta, uwar ba ta farfaɗo ba tukuna. Inna ta ɗaga hannunta mai lafiya tana hamdala, ta kamo mayafina ta ce, "Maza je ɗakin da aka kwantar da Anti ki faɗa mata an sauka."

Ashe ba a gaya mata ba. Na ce to, na fito baranda, har yanzu na kasa komawa.

Ya Allah, baiwarKa Rakiya ta zo gare Ka tana kan hanyar ceton rai. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka karɓe ta da tausayin da ta riƙa karɓar 'ya'yan mutane da shi. Ka ba Baba Malam da yaran juriya. Ka tashi kafaɗun Saude ta ga 'yarta.

Bayan la'asar za a yi jana'iza a ƙofar gidansu. Wanda ya karanta, ko bai san ta ba, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ya haɗa da Saude. Ni ma ku sa ni, Allah Ya ba ni bakin da zan koma in gaya wa tsohuwar nan.