Maxine ta Ofishin Pruitt

A ɗan garinmu na jihar Iowa, in mutum ya ce zai ga ɗan majalisa, kowa ya san wajen Maxine Oberholt za shi. Ita ce sakatariyar Wendell Pruitt tun yana lauyan manoma, ofishinsa a saman kantin magani. 'Yar makanikin tarakta ce, karatunta bai wuce sakandare ba, amma ta san sunan kowa a gundumar, har da na karnukansu.

Da aka zaɓi Pruitt ɗan majalisa zai tafi Washington, ta ƙi binsa. Ta ce, "Je ka can ka yi ta surutunka, ni zan zauna in yi aikin." Shekara goma sha takwas tana amsa wasiƙunmu. Daga baya ya faɗi zaɓe, sai aka naɗa shi jakada a wata ƙasa ta Kudancin Amurka. A nan kam roƙonta ya yi ta bi shi. "Haba Maxine, in babu ke ko tabarauna ba na iya ganowa." Tana da shekara hamsin da tara, ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, ta haɗa akwati.

Ƙanwata Joyce tana aikin jinya a wani ƙauyen ƙasar lokacin da sojoji suka yi juyin mulki. Aka rufe hanyoyi, kwana shida babu labarinta. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci. Ashe sunan Joyce ba ya cikin jerin Amurkawan da za a kwaso, don ba ta taɓa yin rajista a ofishin jakadanci ba. Maxine ce ta duba takardar ta ce, "Ina Joyce, 'yar gidan Harlan? Uwarta ta rubuto mini tana ƙasar nan." Ta tsaya a kan Pruitt, ko zama ba ta bari ya yi ba, sai da ya samu wani kanar a waya aka bar motar da za ta ɗauko Joyce ta wuce.

Joyce ta ce da ta iso filin jirgi, Maxine ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke, dubi gashinki! Haka za ki je gaban uwarki?" Sannan ta rungume ta, suka fashe da kuka.

Bayan shekara uku Maxine ta dawo gida ta ajiye aiki. Har Maxine ta rasu, duk lokacin kaka mahaifiyarmu sai ta gasa kek ɗin tuffa ta kai mata da kanta. Maxine takan ɗanɗana ta ce sukari ya yi yawa, sannan ta cinye tas.