Mutuniyar

Ƙaurin daddawa ne ya tarbe ni a matakalar cibiyar masu son jinsinsu ranar, ya danne warin jiƙaƙƙun riguna. Daga unguwarmu Selly Oak nake shiga jirgin ƙasa har Manchester duk Asabar, don a Birmingham ina tsoron wani ɗan jami'armu ya gan ni ina shiga gidan da aka rataya wa tutar bakan gizo.

Wani tsohon Bature mai haɗa mana shayi ya ce sun buɗe wurin ne a shekarun da ƙanjamau ke kwashe abokansu, dangi kuma suna ƙin zuwa ɗaukar gawa. Akwai wani babban zane a bango da suka ɗinke da sunayen mamatan. Aikin gidan, in ji shi, kada a bar kowa ba suna.

A kicin na sami mai daddawar. Bakanuwa ce sa'ar mahaifiyata, an ajiye ta a wani ɗaki a Whalley Range tana jiran a ba ta mafaka.

"Ke 'yar nan, wannan ramar fa? Karatun ne ko soyayya?"

"Sanyi ne, Anti."

"Ƙarya kike. Zauna ki ci tuwo."

Idan ta kasa gamsar da masu tantancewa cewa ta taɓa son mace, gida za a mayar da ita, inda 'yan'uwanta maza suka riga suka karya mata hannu. Shi ya sa lauyar cibiyar ta sa nake yi musu tafinta, muna gwajin tambayoyin. Anti ta faɗi komai: soron da suke haɗuwa da masoyiyarta, lallen da suke ƙunsa wa juna. Amma da an zo kan suna sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Mutuniyar."

"Anti, a interview sai kin faɗa."

"Kin taɓa jin uwarki ta kira sunan ubanki?"

Na yi wa lauyar bayani cewa a wurinmu mace ba ta kama sunan wanda ta ba wa rayuwarta, kuma wannan shirun ya fi kowace shaida. Ta rubuta. Masu tantancewa suka ce wadda ba ta iya faɗin sunan masoyiyarta ba, ƙirƙirar ta ta yi.

Wata Asabar na hau matakalar ban ji daddawa ba. Tukunyarta na nan a kife. An mayar da ita, wayarta kuma ba ta sake shiga ba.

Sai bayan shekaru, na gama karatu, tsohon ya ja ni gaban zanen ya ɗaga gefensa na ƙasa. Ƙyallen atamfa ne aka ɗinka ta ciki, yana fuskantar bango. Ya ce Anti ce ta ɗinka shi tun makon farko da ta zo, kuma ba a sa mai rai a zanen nan. Sunan mutuniyar yana jiki, da baƙin zare.