Marka Mai Ɗori da Hannun Inde

Kafin masunta su sauka tabki, Marka ta riga ta share ƙofar ɗakinta, ta tsaga karan dawa, ta yayyage tsumma, ta zauna jiran wanda za a kawo. A Madarumfa da wuya ka sami gidan da ba ta ɗora ƙashin wani nasa ba, daga wanda jaki ya harba har wanda ya faɗo daga rumbu. Bana hannunta ya soma rawa, ta bar wa 'yarta Asma'u aikin. Shi ya sa nake so a faɗi alherinta tun tana ji da kunnenta.

Daminar bara Tanko masunci ya kawo mata Inde, 'yar ƙanensa da yake riƙo tun da uwarta ta rasu, ubanta kuma ya tafi fatauci bai dawo ba. Ya ce daga tsamiya ta faɗo. Marka ta ja hannun ta ɗora, yarinyar ko uffan ba ta ce ba, shirun nan kuwa shi ya dame ta. Ta duba jikinta, ta ga shatar igiya a wuyan hannu, tsofaffin tabo a gadon baya, haƙarƙari duk a waje. Da ta miƙa mata fura, sai da Inde ta dubi fuskar Tanko kafin ta karɓa.

Marka ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce ɗorin yana son a sa masa ido, a bar yarinyar a wurinta.

Da ya dawo ɗaukarta, ta hana, ta nuna masa tabon da ke jikin yarinyar. Tanko ya fusata, ya ce horo ne, yarinyar ba ta jin magana, ya tambaye ta ko ita ba ta taɓa dukan nata ba.

Ta ce, "Na doka. Ran da Asma'u ta shiga tabki ba ta iya ruwa ba, na zane ta da tsumagiya, na gaya mata dalili, da yamma muka ci tuwo a akushi ɗaya. Kai fa, Tanko, wane laifi yarinya za ta yi a ɗaure ta, a hana ta abinci?"

Tanko ya juya ya tafi. Marka ta bi maƙwabtansa gida gida, waɗanda suka sha jin kuka ta bayan darni suna cewa ba ruwansu, har suka yarda suka yi magana gaban dattawa. Aka aika garin Safo wurin dangin uwar Inde, kawunta Illo ya zo da jaki ya kai ta wurin kakarta.

Da kaka wata mai tallan daddawa ta kawo labari: ta ga Inde ta yi ƙiba, hannun ya miƙe, kakarta tana mata faɗa don ta bar akuya ta shiga wake, ita kuma tana turo baki tana ƙunƙuni. Marka ta yi dariya har da hawaye, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta.

Ke ce, Inna Marka, uwar marayu, kika nuna mana inda horo ya tsaya, inda zalunci ya fara. Mun gode, Allah ya saka miki. Mu kuma da ba mu iya ɗori ba, muna da ido, muna da baki. Wanda duk ya ga yaro yana ramewa a gidan da ake ƙoshi, kada ya wuce. Ya yi sallama, ya shiga, ya tambaya.