Ruwan Kawu Ya Riga Shi Zuwa Yamai

Shekarar da aka maido ni Tawa koyarwa, kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Takanamat bayan an gama yankan hatsi. Manomi ne, dogo, mai babbar murya, in yana gaisuwa a ƙofar gida har maƙwabta ke amsawa. Amma ranar da ɗan kabu-kabu ya sauke shi, sai da ya huta a tsakiyar sallama kafin ya ƙarasa ta. Ya rame, yana busasshen tari, in ya ja numfashi sai ya dafe haƙarƙarinsa na dama.

"Kawu, tun yaushe kuke haka?"

"Babu komi, ɗiyata. Igiya ni zo saye kasuwa."

Daga baya na ji cewa matarsa ce ta sa shi mota da rantsuwa, ta ce kada ya komo sai ya ga likita.

Washegari muka tafi asibiti. Likitan matashi ne, ya saurari bayansa, ya ƙwanƙwasa nan da can, ya ce a je a yi masa radiyo. A wurinmu haka ake kiran hoton ƙirji, amma Kawu bai sani ba. Muna bin baranda na ga yana gyara hula yana gyaran murya.

"Mutane nawa aka bari a gaishe?" ya tambaye ni.

Da na yi masa bayani sai ransa ya ɓaci. Ashe har ya jera sunaye, da maigari a gaba.

Hoton ya nuna ƙasan huhun dama fari fat. Likita ya ce ruwa ne ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, shi ke matse masa numfashi. Kawu ya ce ai ya san ruwan, na tabki ne, da damina ya faɗa ciki yana bin saniya, ya sha bai so ba. Likita ya ce wancan ciki ya nufa, ya fita tun tuni.

An gwada majinarsa, ba a ga komi ba. Sai aka zaunar da shi ya rungumi bayan kujera, aka kashe wurin, aka soka allura tsakanin haƙarƙari. Ni na kau da kai. Shi kuwa sai leƙe yake yi ta ƙarƙashin hammata. Ruwan ya fito fatsi-fatsi kamar shayi na uku, ya yi ta zuba cikin gora. Can Kawu ya ja numfashi mai tsawo, irin wanda ya daɗe bai ja ba. Na ga hawaye a idonsa, na yi kamar ban gani ba.

Likita ya ce yana zaton tarin fuka ne, amma in ya kama rigar huhu, ƙwayar cutar ba ta cika bayyana a majina ba, ko a ruwan ma da wuya a kama ta. Sai dai jiki in yana faɗa da ita yakan zuba wani sinadari cikin ruwan, in an auna aka ga ya yi yawa, wannan babbar alama ce. Awon kuma lokacin sai an aika Yamai.

"Wa za ya Yamai?" in ji Kawu.

"Ruwan, baba."

"Ni hwa?"

"Ku ku zauna gida ku huta."

Kawu bai taɓa wuce Tawa ba. Ya dubi kwalbar da aka ɗiba, ya dube ni.

"Ni da ni ɗauke shi wata da watanni, ni aka bari, shi za ya ga gadar Yamai?"

A kwanakin jira muka ware masa ɗaki mai taga, an kuma duba mu duka 'yan gidan, lafiya lau. Duk wanda ya zo dubiya, daga bakin ƙofa Kawu zai sanar da shi cewa ruwansa na Yamai. Wata maƙwabciyata ta ɗauka sunan ɗansa ke nan, ta ce Allah ya ba yaron aikin gwamnati. Kawu ya ce amin.

Da sakamako ya iso, likita ya dube ni ya ce ADA ɗin ta hau sosai, sunan sinadarin ke nan. Kawu ya tsinci kalmar, ya ɗauka Adar aka ce, sunan yankinmu.

"Adar? Ai dole ta yi yawa! Nan aka haihe ni, nan aka haihi kakana."

Likita ya yi dariya har ya ajiye biro. Sannan ya natsu, ya ce da wannan da sauran alamun, tarin fuka ne, yana da magani, amma wata shida za a sha ba fashi, ko da an ji sauƙi. Ya kuma gargaɗe mu cewa fitsari zai yi ja. Kawu bai ji wannan ba, yana can yana ba wata ma'aikaciya tarihin kakansa. Washegari da hantsi ya fito daga makewayi da buta a hannu, ya kira ni ya fara wasiyya, wa zai ɗauki jaki, wa zai ɗauki garma. Da ƙyar na shawo kansa.

Ya koma Takanamat, yana karɓar maganin a asibitin garin. Matarsa ce ta tsaya a kansa, kullum da safe sai ya haɗiye a gabanta ya buɗe baki ta duba. Kafin damina ta faɗi ya murmure, muryar ta dawo.

Da za su zo awon ƙarshe, ta biyo shi. Likita ya ce huhu ya washe. Ita kuwa ta matso kusa, ta rage murya, ta tambaye shi ko akwai ƙwayar da ke rage cin tuwo, don rumbunsu ba zai kai kaka ba.