Rabon Gonar Gazara

Gonar da mahaifinmu ya bari a Gazara kusurwa uku gare ta, kuma duk a karkace. Gindinta mai faɗi yana bakin rafi, tana tafiya tana tsukewa tsakanin burtali da hanyar Makarfi, har ta ƙare a wata tsamiya. Ya rasu ba da daɗewa da samun mulkin kai ba. Mata aka ba su fadama, mu biyu maza aka ce mu raba tudu.

Limamin unguwarmu ya zo da igiya, yadda aka gada. Ya ja ta gefen burtali, ya ninka ta biyu, ya kafa turke a tsakiya. Gefen hanya ma haka. Aka ja kunya daga turke zuwa turke, aka dasa gamba. Yayana ne babba, shi ya fara zaɓa. Ya ɗauki wajen rafi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba rabi ba ne."

"Igiyar ce ta yi ƙarya, ko ni?"

Yaya ya yi dariya. "Ƙyale ɗan boko, Malam. To bismilla, auna mana da Turanci."

Na tsuguna da tsinke. A makarantar midil an koya mana awon fili mai kusurwa uku: wannan gefe sau wancan, a raba biyu, sannan sau sain na kusurwar da ke tsakaninsu. Sain ɗin nan lamba ce da ake dubawa a bayan littafin lissafi, littafin kuwa na makaranta ne, can na baro shi ranar da Baba ya cire ni. Na zana, na share, na sake zanawa. Dattawa suna tsaye a rana. Da la'asar ta matso liman ya shafa fatiha, aka watse.

Sai bayan shekaru, wani malamin gona daga Kudan ya tsaya shan ruwa, na ba shi labari. Ko sauka daga keke bai yi ba.

"Ai ba sai da sain ba, Baba. Kusurwar tsamiya ɗaya ce, da a taka da a gonar duka. Rabi sau rabi. Kwata aka ba ka."

Lokacin Yaya ya riga ya rasu, gamba ta yi kauri, 'ya'yansa sun girma. Wa zan kai ƙara, marayu?

Har yau kafin hantsi ya dubi ludayi na gama nomana. Sai in jingina da tsamiya, ina kallonsu can wajen rafi, ba su ko kai rabi ba.