Matar da Ta Tsare Gero

Jiniyar kamfani ce ke raba mana yini a Challawa. In ta yi kukan yamma, Umma ta ja mayafi ta bi masu shiga aiki a kamfanin minti, warin jima kuma ya taso daga masana'antar fata ya kwanta mana a tsakar gida. Sai a bar ni da Iya, mahaifiyar Umma, da murhun da take cusa wa guntayen katako.

Gonar Iya tana bayan katangar kamfani, an malale ta da siminti. Ƙanenta yana wani ƙauye wajen Ringim, ya sha aiko mata cewa ta zo, akwai fili. Ba abin da take so kamar tafiyar nan. "Sai kaka," take cewa. In kaka ta yi, ta ce sai bazara.

Bayan magariba takan ce, "Matso, Jummai, ga wata nan tafe, tara hannu kar ta zube."

Mutanen farko, in ji ta, ba su da gida, ba su da rumbu. Inda ruwa ya yi, nan suke yi. Maza na bin nama da kwari da baka, mata na tsintar kanya da ɗinya, suna kakkaɓe tsabar ciyawa cikin ƙwarya. Wata mata ƙwaryarta ta tsage, tsabar ta zube a bakin fadama. Da shekara ta zagayo suka dawo, sai ga abin ya tsaya ya fitar da kai, tsuntsaye na ta sauka. Ta ce wa danginta, "Ku yi gaba, zan tsare shi kwana biyu ya nuna, in same ku."

Ya nuna, ya fi ƙarfin ɗauka. Ta gina masa rumbu. Rumbu kuma sai an tsare shi daga ɓera. Kafin ta ankara hadari ya haɗo, ƙasa na jiran iri.

"To Iya, ta same su?"

"Da wace ƙafar? Ita dai cewa take tana tsare gero. Ke 'yar boko, faɗa min, wa ya tsare wani?"

"Ai ta huta da yawo. Ta ƙoshi."

"Ta ƙoshi kam, sarkin ci. Har ƙofa ta yi mata kaɗan."

Na yi ta dariya. Ita kuwa ta tura itace cikin wuta, idonta a kan katanga.

A makaranta an koya mana cewa da noma aka fara gari, aka fara ci gaba. Na rubuta haka a jarrabawa, na ci. Amma har yau in na tuna tatsuniyar, waɗanda suka yi gaba nake hangowa, suna ƙanƙancewa cikin ciyawa, da matar a tsaye tana korar tsuntsu, tana waige.

A gidan nan Iya ta rasu, ba ta je ƙauyen ba. Ina aji huɗu na sakandare, muna ninke zannuwanta za a bayar, Umma ta gaya min abin da ban taɓa ji ba. Satin da aka yaye ni, ƙanen nan nata ya zo da kansa, Iya har ta ɗaure kaya. A satin ne aka ɗauki Umma aiki. Iya ta kwance ƙullin, ta ce masa ya yi gaba, za ta zauna da yarinyar kafin a samu mai raino.