Yatsan Malam Lawal a Bakin Gona

Ranar nan ba ta fita raina. Ina tsaye a ƙofar aji, taɓo har gwiwa, janareta ya mutu, malamai talatin da tara suna fifita da takardu, Hajiya Dakta tana tambayata, "Sabi'u, ina ka kai mana na'urar?"

Bitar kwana uku ake yi wa malaman firamare a Kabo, kan sabbin dabarun koyarwa. Hajiya daga jami'a aka turo ta. Ni aikina tada janareta da ɗaukar yatsan kowa a na'ura, tare da hotonsa. Dokar ita ce wanda bai dangwala kafin ƙarfe tara ba, ko rana ɗaya ce, ba shi da satifiket. Ba satifiket, ba ƙarin girma.

Malam Lawal na Kutama ya daɗe yana jiran ƙarin girman nan. Shi ya koyar da ni a aji huɗu, kuma daga ajinsa na gudu. In ka makara, tsallen kwaɗo har bakin get.

Ranar ƙarshe aka tashi da ruwa. Takwas da rabi kowa ya dangwala, ban da shi. Na kira shi, ya ce babur ɗinsa ya sha ruwa wajen Durun, turawa yake. Ban tambayi kowa ba, na cusa na'urar a leda na hau nawa. Tara saura minti uku ya dangwala a bakin gona, sannan na goyo shi muka taho.

Hajiya ta buɗe hoton. Ga Malam hula a karkace, bayansa gero, ga saniya ta leƙo.

"Wannan shi ne ajin?"

Malamai suka fashe da dariya. Na ce, "Hajiya, an ce kafin tara, ba a ce a ina ba."

"Ka san zan iya soke sunansa, kai ma in sallame ka?"

Malam ya ce, "Ranki ya daɗe, laifina ne. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya zama wuri ɗaya. Na yi ta dukansa a kan haka. Yau ga shi rashin zaman ya cece ni."

Sai Hajiya ta ce darasin yau dama a kan irin wannan yaron ne. Ta sa na tada janareta, ta zaunar da ni a gaba, malamai suka yi ta tambayata me ya kore ni daga makaranta. Malam ya fi kowa rubutu. Ashe su ma koyo suke.

Da la'asar ya karɓi satifiket. Na tura masa saƙo: "Malam, yau kai ka makara, kuma ban sa ka tsallen kwaɗo ba. In za ka gwada sabuwar dabarar, ina nan ranar Asabar. Amma fa ba zan zauna ba."